Yadda Ake Kulle WhatsApp, Imel da Facebook Kafin 'Yan Kutse Su Riga Ka

Gwaggona ce ta jefa ni cikin wannan aiki. Wata rana da yamma wani ya kira ta, murya a natse, ya gaishe ta da sunanta, ya ambaci guruf ɗin tsofaffin 'yan ajinsu daidai yadda aka rubuta shi. Ya ce za a yi taro ta intanet da daddare, an tura wa kowa lambar shiga, ta duba saƙonninta ta karanto masa tata don ya sa sunanta. Ta duba, ga saƙo kuwa, lambobi shida. Ta karanto masa ɗaya bayan ɗaya, har tana tambayarsa ko ya ji da kyau. Kafin ta ajiye wayar, WhatsApp ɗinta ya fice. Kafin dare an bi dangi da sunanta da hotonta: "Don Allah ka ranta min kuɗi yanzu, ina cikin matsala, gobe zan mayar maka." Mutum biyu sun tura.

Tun daga ranar duk wanda ya sayi sabuwar waya a cikin dangi, ni ake kawo wa in kulle. Abin da na lura da shi a tsawon wannan lokaci shi ne ɓarawon asusu ba kasafai yake fasa ƙofa ba. Mabuɗi yake roƙa, mai gida ya miƙa masa da hannunsa. Tun shekarar 2016 WhatsApp yake rufe saƙonni ta yadda ba mai iya karanta su a hanya, amma wannan rufin ba ya hana wanda ya shiga da lambarka ya zama kai.

Abu ɗaya za ka riƙe kafin mu fara. Asusanka a sarƙe suke. Wanda ya mallaki layinka zai karɓi lambobin tabbatarwa da ake turo maka. Wanda ya mallaki imel ɗinka zai iya cewa ya manta kalmar sirrin Facebook, a turo masa sabuwa. Shi ya sa ake farawa daga tushe: waya, layi, imel, sannan sauran. Mai farawa da Facebook ya bar imel a buɗe kamar wanda ya garƙame ɗaki ne ya rataye mabuɗin a jikin ƙofa.

Kayan aiki

- Wayarka da caji fiye da rabi, da isasshen data.
- Layin da ka buɗe asusanka da shi, yana cikin wayar, yana kuma karɓar saƙo.
- Ƙaramin littafi da biro. Littafi na ce, ba fallen takarda ba. Takarda ɓata take yi.
- Faffaɗan katin da aka ɓallo sim ɗinka daga jikinsa, in yana nan. A jikinsa ake buga lambar PUK, wadda ake buɗe sim da ita in ya kulle.
- Imel na biyu, ko lambar wani na jikinka da ka amince da shi.
- Manhajar samar da lambobi, irin su Google Authenticator ko Microsoft Authenticator. Kyauta ce.
- Awa ɗaya ko biyu ba tare da ana kiranka ba.

Sunayen maɓallai zan rubuta su yadda suke fitowa a yawancin wayoyi, wato da Turanci. Kamfanoni suna yawan sauya musu wuri. In ba ka ga abu inda na ce ba, rubuta sunansa a gurbin bincike da ke saman "Settings", zai fito.

Mataki na 1: Makullin allon waya

Sa lambar sirri mai aƙalla lambobi shida. Ban da shekarar haihuwa, ban da ƙarshen lambar wayarka, ban da 123456. Zanen nan da ake ja da yatsa ba na son sa, domin mutane da yawa harafi irin L ko Z suke zanawa, kuma maiƙon yatsa yakan bar sawunsa a gilashi. Karkata wayar ka kalle ta a haske ka gani. Tambarin yatsa yana da kyau, amma a bayansa dole akwai lamba, ita ce ainihin makullin.

Sai abin da kusan kowa ke tsallakewa: shiga saitin sanarwa ka hana abin da ke cikin saƙo fitowa a allo idan waya tana kulle. In ba haka ba, wanda ka ba ajiyar waya ko wanda ka bar ta a wurinsa tana caji zai iya neman lambar WhatsApp ɗinka daga tasa wayar, ya leƙa allonka ya kwafe lambobin shida, bai ko taɓa makullinka ba.

Kafin ka wuce, danna *#06#. Lamba mai guda 15 za ta fito, ita ce IMEI, shaidar wayarka. Rubuta ta a shafin farko na littafin. Ka kuma tabbatar tsarin neman waya idan ta ɓata yana kunne: "Find My Device" ko "Find Hub" a Android, "Find My" a iPhone.

Mataki na 2: Layi

Ɓarawon waya ba ya wahalar da kansa da makullin allonka. Zare sim yake yi ya sa a wata wayar, shi ke nan duk saƙon tabbatarwa wurinsa zai je. Maganin wannan shi ne sa wa sim ɗin kansa PIN. A Android nemi "SIM card lock", a iPhone "SIM PIN". Za a fara tambayarka PIN na asali da kamfanin layi ya sa, sannan ka canza shi zuwa naka mai lambobi huɗu zuwa takwas.

A nan ake yin ɓarna, don haka a hankali. Kuskure uku, sim ya kulle ya nemi PUK, mai lambobi takwas. Kuskure goma a PUK, sim ya mutu har abada. PIN na asali sau da yawa 0000 ne ko 1234, amma ya danganta da kamfani. Ka gwada sau ɗaya. In ya ƙi, tsaya, kada ka shiga canki-canka. Kira layin taimako na kamfaninka ka tambaya. In katin da ke ɗauke da PUK ya ɓata, su ne kuma za su ba ka bayan sun tabbatar kai ne mai layin. Ka karɓi PUK ɗin ka rubuta shi tukuna, sannan ka taɓa wannan saiti.

Akwai wata dabara da ba a cika sani ba. WhatsApp yana iya karanto lambar tabbatarwa ta kiran murya. Sai ɗan damfara ya ce ka danna wasu lambobi masu farawa da **21* ko **67* a bi su da wata lambar waya, wai don ka karɓi kyauta ko a gyara maka sabis. Abin da ka yi shi ne karkatar da kiranka zuwa wayarsa. Danna ##002# ka kira. Wannan yana soke duk wani karkatar da kira a kan layin. Ni duk wayar da aka kawo min sai na danna shi, ko da ba a yi zargin komai ba.

Saura satar layi daga can wurin kamfani, inda wani zai je da bayananka ya ce shi ne kai, a yanka masa sabon sim da lambarka. Ba ƙananan mutane kaɗai ake yi wa ba: a watan Agusta na 2019 ta wannan hanya aka ƙwace shafin Jack Dorsey, shugaban Twitter na lokacin, a kan dandalin da shi da abokansa suka kafa. Alamarta ɗaya ce: sabis ya ɗauke a wayarka ɗif alhali na kusa da kai masu layi irin naka suna da shi. Kashe wayar ka kunna. In bai dawo ba, kada ka kwana. Ari waya ka kira kamfanin.

Tsohon layin da ka jefar ma tarko ne. Layin da aka daɗe ba a amfani da shi kamfani yakan sake ba wani. In Facebook ɗinka ko imel na rataye da wannan lambar, sabon mai ita ya gaji mabuɗinka. Za mu cire irin waɗannan lambobi a matakai na gaba.

Mataki na 3: Kalmar sirri

Ƙa'ida biyu ce kawai: ta yi tsawo, kuma kowane asusu da tasa. Ta biyun ta fi muhimmanci, ga dalili. Kamfanoni kansu ana yi musu kutse a kwashe kalmomin sirrin jama'a. An yi wa LinkedIn a 2012. Bayan shekara huɗu, a 2016, aka shiga shafukan Mark Zuckerberg na Twitter da Pinterest, masu kutsen suka ce a cikin bayanan LinkedIn ɗin nan suka tsinci kalmarsa, "dadada". In mai Facebook ya faɗa wannan rami, ni da kai sai mu shafa wa gemunmu ruwa.

Hanyar da nake koya wa mutane: zaɓi kalmomi huɗu ko biyar da ba abin da ya haɗa su, ka jera, ka cusa lamba da alama a tsakani. Misali: tsani-gajimare-47-kujera-zomo. Ta fi sauƙin riƙewa a kan tarkacen haruffa, ta kuma fi wuyar fasawa saboda tsawonta. Kada ka ɗauki wannan misalin, yanzu kowa ya gan shi. Kada kuma ka yi amfani da karin magana ko sunayen 'ya'yanka a jere.

Ina za ka ajiye su? Mafi sauƙi shi ne ma'ajiyar kalmomin sirri da ke cikin wayarka, ta Google ko ta Apple, ko manhaja irin Bitwarden. In wannan ya yi maka nauyi, littafin ya isa. Masana da yawa za su ɓata rai, amma ni na fi amincewa da littafi a cikin akwati a kan kalma ɗaya da aka raba wa asusu goma. Ɗan kutse da ke wata nahiya ba zai buɗe akwatinka ba. Wurin da ban yarda da shi ba shi ne hoton allo a cikin hotunan waya, ko tura wa kanka a WhatsApp, ko takarda a bayan murfin waya.

In kana son sanin ko imel ɗinka ya taɓa shiga cikin bayanan da aka sace, akwai shafin haveibeenpwned.com wanda Troy Hunt ya buɗe a 2013. Imel kawai za ka sa, ba kalmar sirri ba.

Mataki na 4: Imel

Nan ne muka fi daɗewa da duk wanda na zauna da shi, domin da yawa ba su ma san suna da imel ba. Ranar da aka sayi waya wani ya buɗe musu Gmail a gurguje don manhajoji su sauka, ya sa kalmar da ya ga dama, wani lokaci ma ya sa lambarsa a matsayin lambar ceto. Shekaru suna tafiya, hotuna da lambobin mutane da ajiyar WhatsApp duk suna taruwa a asusun da mabuɗinsa ke hannun wani.

1. Buɗe myaccount.google.com, ko ka shiga "Settings", "Google", sannan "Manage your Google Account". Rubuta adireshin imel ɗin a littafi harafi-harafi.
2. Shiga "Security". Canza kalmar sirri zuwa sabuwar da ka haɗa. In ba ka san tsohuwar ba, danna "Forgot password". Da yake kana kan wayar da asusun ya saba da ita, yawanci Google yakan bar ka ka wuce da makullin allonka.
3. Duba lambar ceto da imel na ceto. Duk wanda ba naka ba, ko tsohon layin da ka yar, cire shi ka sa na yanzu.
4. Kunna "2-Step Verification". Ma'anarsa ko wani ya san kalmarka, sai ya kawo shaida ta biyu.
5. A wannan shafin nemi "Backup codes". Za a ba ka lambobi goma, kowace mai guda takwas, kowace sau ɗaya take aiki. Kwafe su a littafi da hannu. Ranar da waya ta faɗa ruwa, su ne za su shigar da kai.
6. Duba "Your devices". Na'urar da ba ka gane ba, fitar da ita.

Game da shaida ta biyu, akwai zaɓi. Saƙon tes ya fi babu nesa ba kusa ba, amma yana tafiya da layi, kuma mun ga yadda ake sace layi. Manhajar Authenticator ta fi: tana fitar da lambobi shida da ke sauyawa duk daƙiƙa 30, a cikin wayarka, ko babu data ko babu sabis. In lambobinta suna ta ƙin karɓuwa, kusan kullum agogon wayar ne ba daidai ba. Mayar da kwanan wata da lokaci su riƙa saita kansu. Kuskuren da ake yi da ita shi ne a sayar da waya ko a goge ta ba a kwashe lambobin zuwa sabuwa ba. In wayarka ƙarama ce ba ta ɗaukar manhaja, zauna a kan tes ɗin, amma ka tabbatar ka yi mataki na 2.

In kana zargin an taɓa shiga imel ɗin, buɗe Gmail a burauza ka duba saitin "Forwarding" da "Filters". Ɓarawo mai wayo yakan bar umarnin a riƙa tura masa kwafin saƙonninka, ko bayan ka canza kalma.

Mataki na 5: WhatsApp

Wannan minti uku ne, kuma da gwaggona ta yi shi da ba ta shiga abin da ta shiga ba. Danna ɗigo uku na sama, "Settings", "Account", "Two-step verification", sai ka kunna. Zaɓi PIN mai lambobi shida, daban da na allon waya. Tun 2017 wannan tsari yake nan ga kowa, amma har yau in na karɓi wayoyi, akasarinsu a kashe nake samun sa.

Ka bambance lambobi biyun nan da kyau, domin a nan ake rikita mutane. Akwai lambobi shida da WhatsApp ke turowa ta tes idan ana son buɗe asusunka a wata waya. Akwai kuma PIN da kai ka ƙirƙira. Ɓarawo yana buƙatar duka biyun. Ba wanda ke da hurumin tambayarka ko ɗaya daga ciki: ba shugaban guruf ba, ba ma'aikacin kamfani ba, ba ɗan'uwanka da ya rubuto "na yi kuskuren tura lambata zuwa wayarka, turo min" ba. Wannan ɗan'uwan an riga an sace nasa ne, ɓarawon ke magana da bakinsa. Kira shi a layi ka ji muryarsa.

Za a nemi ka sa imel. Kada ka tsallake. In ka manta PIN kuma babu imel, sai ka jira kwana bakwai kafin a bar ka ka sake saita shi. WhatsApp zai riƙa tambayarka PIN ɗin jefi-jefi. Ba matsala ba ce, tuni yake maka.

Daga nan shiga "Linked devices". Ana iya haɗa asusu ɗaya da na'urori har huɗu, kuma ta nan ne na kusa ke leƙen asiri: ya ari wayarka minti ɗaya, ya haɗa da kwamfutarsa, ya ci gaba da karanta hirarka kana zaune lafiya. Na nesa ma sun gano hanyar: za su turo shafi su ce ka shigar da wasu haruffa takwas a WhatsApp ɗinka don ka ga hoto ko ka jefa wa wani ƙuri'a. Haruffan nan na haɗa na'ura ne. Duk abin da ka gani a jerin da ba ka san shi ba, taɓa shi ka danna "Log out".

A "Privacy" gyara abu uku. Hoton fuska, waɗanda ke cikin lambobinka kaɗai su gani, don da hotonka ake buɗe asusun bogi. "Groups", mayar da shi "My contacts" don kada baƙo ya jefa ka guruf. A "Calls" kunna "Silence unknown callers".

Ajiyar hira da ke tafiya Google Drive ko iCloud ana iya rufe ta da kalmar sirri ko mabuɗi mai guda 64, a ƙarƙashin "Chats", "Chat backup". Yana da kyau, amma ka ji sharaɗin: in ka rasa wayar ka kuma manta kalmar, ko WhatsApp ba zai iya buɗe maka ba. Wanda na san mai mantuwa ne, sai na ga ya rubuta a littafi a gabana nake kunna masa.

Su GB WhatsApp da danginsu kuwa, cire su. Ba kamfanin ne ya yi su ba, ba ka san wanda ke riƙe da saƙonninka ba, kuma ana rufe asusun masu amfani da su. Ganin saƙon da aka goge bai kai wannan kasada ba.

Mataki na 6: Facebook da Instagram

Duka biyun na kamfanin Meta ne, kuma saitin tsaronsu yana wuri ɗaya: "Settings", "Accounts Center", "Password and security". Canza kalma. Kunna "Two-factor authentication", ka zaɓi manhajar Authenticator in kana da ita. A cikin ƙarin hanyoyi akwai "Recovery codes". Kwafe su a littafi kamar na Google. Buɗe "Where you're logged in" ka fitar da tsofaffin wayoyi da kwamfutocin da ka taɓa ara. Sannan a "Personal details" cire tsohon layi da tsohon imel.

Ɓoye ranar haihuwarka, lambar wayarka da jerin abokanka daga idon kowa da kowa. A watan Afrilun 2021 an watsa bayanan masu Facebook sama da miliyan 530 a intanet, har da lambobin waya. Saboda haka in baƙo ya kira ka da cikakken sunanka, wannan ba shaidar komai ba ce.

In kana kula da shafin kasuwanci ko na ƙungiya tare da wasu, kowane mai kula sai ya yi wannan matakin. Ta wurin mafi sakaci a cikinku za a shigo.

Mataki na 7: Koyi karanta adireshi

Duk makullan nan ba za su yi amfani ba in ka rubuta kalmarka da lambarka a shafin bogi. Saƙonnin da ke kai mutum can ba su da yawa, kaya kawai suke sauyawa: "Shafinka ya karya doka, za a rufe shi cikin awa 24." "Kai ne a wannan bidiyon?" "Ka ci kyauta." "Za mu ba ka shuɗin maki." Dukkansu tsoro ne ko kwaɗayi, a haɗa da gaggawa don kada ka tsaya ka yi tunani.

Ga yadda ake karanta adireshi. Nemo karan tsaye mai karkata na farko, wato /, bayan sunan shafin. Ka karanta daga nan zuwa baya. Kalmomi biyu na ƙarshe kafin karan su ne yawanci mai gidan. A facebook.com/settings, mai gida facebook.com ne. A facebook.com.taimakon-asusu.net/shiga, mai gida taimakon-asusu.net ne, an liƙa sunan Facebook a gaba ne don a rufe maka ido. Ka kula da harafin da aka musanya, sifili a madadin o, ko rn a madadin m. Alamar kwaɗo a gefen adireshi ba ta nufin shafin na gaskiya ne. Na bogi ma suna da ita.

Ni dai dokata ita ce ba na shiga asusu ta mahaɗin da aka turo min, ko daga wa ya fito. In an ce akwai matsala, rufe saƙon nake yi in buɗe manhajar da kaina. In da gaske ne, zan tarar da sanarwar a ciki. A "Password and security" ma akwai "Recent emails", inda Facebook ke nuna saƙonnin da shi ya aiko da gaske.

Mataki na 8: Gwaji

Kada ka tashi sai ka gwada. Kashe waya ka kunna, ka ga ko sim ya nemi PIN. Buɗe burauza a yanayin sirri, wato "Incognito" ko "Private", shiga Gmail da sabuwar kalma, ka yi amfani da ɗaya daga lambobin ajiya, ka soke ta da biro. Na sha ganin wanda ya rubuta 1 ta zama 7, bai gane ba sai ranar da ya shiga uku. Gara ka gano yau, wayar tana hannunka.

In an riga an sace

WhatsApp: kada ka tsaya rubuta wa ɓarawon magiya. Buɗe manhajar, sa lambarka, nemi a turo lambobi shida, shigar da su. Da zarar sun shiga, an fitar da shi, domin lamba ɗaya ba ta zama babbar waya biyu a lokaci guda. In tes bai zo ba, danna ##002# tukuna, sannan ka zaɓi a kira ka. Kada ka yi ta danna neman lamba, kowane ƙarin gwaji yana tsawaita jiran da za a sa ka, har ya kai awanni.

In bayan lambar aka nemi PIN da ba kai ka sa ba, ɓarawon ne ya sa. Haka ya faru da gwaggona, ta ɗauka shi ke nan. Ba haka ba ne: shi dai an riga an fitar da shi, kai kuma za ka jira kwana bakwai ka shiga ba tare da PIN ɗinsa ba. Tsofaffin hirarrakinka suna cikin wayarka, bai same su ba, amma ya ga guruf-guruf ɗinka da lambobin mutanen ciki. Don haka aikin kwanakin nan shi ne sanarwa. Kira mutum ɗaya a kowane guruf ya faɗa wa sauran, a cire lambar na ɗan lokaci, musamman in kai ne shugaban guruf ɗin. Fara da waɗanda ka san za su tura kuɗi ba tare da tambaya ba: iyaye, ƙanne, aminai.

Facebook: je facebook.com/hacked daga wayar da ka saba shiga da ita. Kafin nan duba imel ɗinka. Idan aka canza adireshin asusu, Facebook yakan aika saƙo zuwa tsohon imel da hanyar soke canjin. Gmail kuwa g.co/recover, shi ma daga na'ura da wurin da ka saba. Duk wanda ya fito a ƙarƙashin sanarwarka yana cewa ya san gwanin da ke dawo da asusu in an biya shi, ɓarawo na biyu ne ya biyo sawun na farko.

In wayar ce gaba ɗaya ta tafi, ga jerin: kira kamfanin layi a rufe sim, ari na'ura ka shiga imel da lambar ajiya daga littafinka, ka kulle wayar ko ka goge ta ta android.com/find ko icloud.com/find, bayan nan ka fitar da ita daga "Your devices", ka sanar da bankinka in akwai manhajarsa a ciki, sannan ka je a yanka maka sabon sim da tsohuwar lambarka. Da sabon sim ɗin za ka buɗe WhatsApp a wata wayar, na cikin wadda aka sace ya mutu. Lambar IMEI da ka rubuta a shafin farko ita za ka bayar in za ka kai rahoto.

Littafin kuma kada ya zauna a jaka ɗaya da wayar. Ka faɗa wa mutum ɗaya tak inda yake.